Kafin a ce kwamfutar makaranta ta tsufa

A makarantu da dama na ƙasarmu, daga Maraɗi zuwa Damagaram, daga Tawa zuwa Yamai, akwai wani ɗaki da ba a cika buɗewa ba. A ciki za ka tarar da kwamfutoci jere bisa teburori, wasu an lulluɓe su da zane, wasu ƙura ce ta yi musu mayafi. In ka tambayi dalili, amsar ɗaya ce: sun tsufa. Wannan kalma tana da tsada, domin abin da ke biyo bayanta biyu ne. Ko dai a bar ɗakin a rufe, yara su gama kwalej ba su taɓa buga harafi ɗaya a kwamfuta ba, ko kuma a kira taron iyaye a ce kowa ya kawo nasa a sayo sababbi. Uban ƴaƴa biyar, a shekarar da hatsi ya yi tsada, ya san nauyin irin wannan kira.

Ni malamin kimiyya ne, kuma kula da ɗakin kwamfutocin makarantarmu a wuyana yake, don kawai ni ne ba na tsoron kwance murfinsu. Abin da na gani a wannan aiki shi nake so in gaya wa ƴan'uwana malamai da iyayen yara. Yawancin kwamfutocin da ake yanke wa hukuncin tsufa ƙwaƙwalwarsu lafiya lau take. Akasari irin na ofis ne da aka ƙera tsakanin 2011 da 2013, kamar Dell OptiPlex 7010, HP Compaq Elite 8300 da Lenovo ThinkCentre M92p, waɗanda suka gama aiki a Turai ko Amurka kafin su iso kasuwanninmu. Core i3 ko Core i5 da ke cikinsu ya ishi ɗalibi ya koyi rubutu, ya yi lissafi a Excel, ya zana da'ira a GeoGebra, ya fara koyon tsara shiri a Scratch. Abin da ke sa su jan ƙafa shi ne faifan ajiya.

Tsohon faifan, wanda masu gyara ke kira diskidur, faranti ne mai juyawa, sau 7200 a minti ɗaya a yawancin kwamfutocin tebur, da wata ƴar allura da ke kai da kawowa a kansa. Duk lokacin da aka nemi wani bayani, sai allurar ta je wurin, ta jira farantin ya juyo da shi. Wannan yana cin kusan kashi ɗaya cikin ɗari na sakan. A ido kamar ba komai ba ne, amma tashin Windows kaɗai yana buƙatar dubban ƙananan fayiloli, kowanne da nasa jira. Ƙara da shekaru goma na juyawa, da zafin watan Afrilu, da ɗaukewar wuta ana tsakiyar aiki. Shi ya sa malami kan shiga aji da darasin awa ɗaya, a ci rubu'insa ana kallon da'ira tana juyawa a fuskar kwamfuta.

Maganin wannan shi ne faifan da ake kira SSD, wanda babu abin da ke motsi a cikinsa, kuma yake gano bayani kusan ninki ɗari fiye da tsohon. Sai dai SSD iri biyu ne, kuma a nan zancen yake. Akwai na SATA, ɗan akwati mai faɗin tafin hannu, wanda ake jona shi da wayar da aka cire daga tsohon faifan, ba tare da canza komai ba. Gudunsa yana kai megabait 550 a sakan a kan SATA III, ko wajen rabin haka a kan SATA II. Akwai kuma na NVMe, siriri kamar sandar cingam, faɗin milimita 22 da tsawon milimita 80, wanda ke magana da kwamfuta ta hanyar da ake kira PCIe. Wannan yana iya kaiwa megabait 3500 a sakan a kan PCIe 3.0. Shi ne ke cikin yawancin kwamfutocin hannu na yanzu, don haka shi ne kuma ke ƙara yawa a teburan masu gyara, ana ciro shi daga kwamfutocin da suka ƙone ko suka fashe.

Ta haka uku daga cikinsu suka iso hannuna. Wani tsohon ɗalibina, wanda yanzu ke da rumfar gyaran waya da kwamfuta a kasuwa, ya kawo mini su cikin ƴar leda ya ce, "Mushe, ga waɗannan, masu su sun bar mini. A sa wa ƙannena su ji daɗin aiki." Tsofaffin kwamfutocinmu ba su da gurbin da ake soka irin wannan faifai, amma akwai wata ƴar adafta mai araha da ake ɗora shi a kai, a soka ta a dogon ramin da aka tanada don katin hoto. Muka soka, muka kunna. Windows 10 da ke kan tsohon faifan ta gan shi nan take, muka kwafa fayiloli a ciki, suka shige kamar ƙiftawar ido. Amma da muka cire tsohon faifan muka ce kwamfuta ta tashi daga sabon, sai ta rubuta mana cewa ba ta ga wani faifai ba sam.

Dalilin yana da sauƙin fahimta ga duk wanda ya san makaranta. A jikin babban farantin kwamfuta, wanda masu gyara ke ce wa kartamer, akwai wata ƴar ƙwaya baƙa mai ƙafa takwas. A cikinta ne ƙaramin shirin da ake kira BIOS yake zaune, girmansa yawanci tsakanin megabait 4 da 16. Shi ne ke fara farkawa idan an danna maɓalli, ya duba kayan cikin kwamfuta, ya nemo faifan da Windows ko Linux take, ya miƙa mata ragama. Matsayinsa ɗaya da na mai gadin makaranta da ke zuwa da asuba da tarin mabuɗai. In an gina sabon aji ba a ƙara masa mabuɗinsa ba, ajin zai kasance a rufe da safe ko da kuwa malamin da zai zo daga baya yana da nasa a aljihu. Windows tana da mabuɗin NVMe tun daga 8.1, Linux kuma tun 2012. Amma in ita kanta Windows ɗin ce aka ajiye a cikin sabon ajin, to wa zai buɗe mata? An fitar da ƙa'idar NVMe ta farko a 2011, kuma sai wajen 2014, lokacin faranti irin su Z97 da X99, aka fara samun BIOS da ya san ta tun daga masana'anta. Namu sun riga wannan zamani da shekara biyu ko uku kawai.

Abin da masu ilimin abin suka gano shi ne ana iya ƙara wa mai gadin mabuɗi. BIOS ɗin waɗannan shekaru irin wanda ake kira UEFI ne, kuma an gina shi da ƙananan sassa da yawa, kowanne da aikinsa: wannan na USB, wancan na SATA, wancan na katin intanet. Sashen da ke karanta NVMe, mai suna NvmExpressDxe, yana cikin tarin EDK II na TianoCore, wanda a buɗe yake kyauta ga kowa. Aikin shi ne a kwafo BIOS ɗin da ke cikin kwamfutar, a buɗe shi da manhaja irin su UEFITool ko MMTool, a cusa wannan sashe a ƙarshen jerin ƴan'uwansa, a adana, a mayar da shi cikin ƙwayar. Daga nan sai a sa Windows a yanayin UEFI, a kan faifan da aka tsara da tsarin GPT. Sau da yawa sunan faifan ma ba ya fitowa a jerin BIOS. Abin da ke fitowa bayan an gama sa manhajar shi ne "Windows Boot Manager", kuma shi ake zaɓa.

A faɗe abin gajere ne, amma akwai sharuɗɗa. Kwamfutocin zamanin Core 2 Duo, masu tsohon BIOS wanda ba UEFI ba, wannan hanya ba tasu ba ce. Wani BIOS ɗin a cike yake maƙil, sai an nemi ƙaramin samfurin sashen ko an cire wani da ba a amfani da shi kafin a samu wuri. Akwai faifai masu siffar sandar cingam ɗin nan amma na SATA ne a ciki, kuma ba sa aiki a kan adaftar. Ana gane yawancinsu da tsaga biyu a bakinsu, alhali na NVMe yawanci tsaga ɗaya gare shi. Sannan manhajar da kamfani ke bayarwa don sabunta BIOS takan ƙi karɓar fayil ɗin da aka taɓa, saboda tana duba sa hannun kamfanin. Wannan kariya ce da aka yi don kada ɓarayin intanet su shiga nan su ɓuya. Don haka mai gyara yakan bi wata hanya: a wasu kwamfutocin ofis akwai ɗan mahaɗi a jikin kartamer da ake matsarwa don buɗe damar rubutu, a wasu kuma sai an yi amfani da wata ƴar na'ura mai suna CH341A, mai ɗan matsi kamar na shanya tufafi, da ake kama ƙwayar da shi a karanta ta ko a rubuta mata kai tsaye.

Haɗarin kuwa na gaske ne. In wuta ta ɗauke ana tsakiyar rubutu, ko fayil ɗin ya zo da kuskure, kwamfutar ba za ta ƙara nuna ko harafi ɗaya ba. Fanka za ta juya, fitila ta kama, fuska ta tsaya baƙa ƙirin. Shi ke nan garin gyaran gira an rasa ido. Saboda haka ban taɓa komai ba sai da na kai zancen gaban darakta da shugaban kwamitin COGES, domin kayan na makaranta ne, kuma kuɗin iyaye ne ya sayo wasunsu. Shugaban, dattijo ne ɗan kasuwa, ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Malam, na ji duk bayaninka. Tambayata ɗaya ce. Yanzu tana tashi ko da a makare. In ka taɓa ta ta ƙi tashi gaba ɗaya, wa zai biya?"

Na ce, "Alhaji, da ɗaya kawai za mu gwada. Kuma kafin mu rubuta mata komai, za mu kwafe abin da ke cikinta mu ajiye a wuri biyu. In ta ƙi, mu mayar mata da nata."

Ya ce, "To in akwai hanyar komawa, ku je. In babu, ku bar ta yadda take."

Har yau ban ji wanda ya taƙaita ƙa'idar wannan aiki kamar yadda dattijon nan ya yi ba, shi da bai taɓa buɗe kwamfuta ba. Hanyar komawa ita ce kwafin BIOS na asali da na'urar da za ta iya mayar da shi ko da kwamfutar ba ta tashi. Mun cire wayar wuta, muka kama ƙwayar da matsin, muka karanta ta sau biyu, muka gwada kwafin biyu muka tabbata sun yi daidai harafi da harafi, domin matsin in bai zauna sosai ba yakan kawo karatu gurɓatacce. Mun tabbata wutar da na'urar ke bayarwa ta dace da ƙwayar, wadda volt 3,3 take so. Mun yi aikin da kwamfutar hannu mai cikakken batir don kada mu dogara da wutar gari. Kuma nata BIOS ɗin muka gyara, ba mu ɗauko wanda wani ya riga ya gyara ya zuba a intanet ba. Cikakken kwafin BIOS yakan ƙunshi lambar kwamfutar da adireshin katin intanet ɗinta, ga shi kuma ba ka san abin da baƙo ya cusa a cikin nasa ba.

Ta tashi. Kafin yaro ya gyara zama a benci, Windows ta buɗe. Tsohon ɗalibina ya yi ta murna, ni ma haka.

Sai dai ga abin da ya fi muhimmanci ga aljihun iyaye. A gefenta muka ajiye wata irinta da muka sa wa SSD na SATA, wanda bai buƙaci komai ba sai kwance ƙusa huɗu da jona waya biyu. Na sa ɗalibai su yi aiki a kan duka biyun ba tare da na gaya musu wacce ce wacce ba. Ba su iya bambance su ba. Wajen buɗe Word, da buga rubutu, da kallon bidiyon darasi, tafiyarsu ɗaya. Dalili kuwa shi ne babban tsallen yana tsakanin faifai mai juyawa da SSD kowane iri; a nan ne jiran allura ke ƙarewa. Ƙarin gudun NVMe yana bayyana ne ga mai kwafar manyan fayiloli ko mai haɗa bidiyo, kuma ɗan aji shida ba ya yin wannan. Don haka da aka zo maganar sauran kwamfutocin, shawarar da na ba kwamiti ita ce a sayi na SATA, a ƙara musu ƙwaƙwalwar aiki daga gigabait 4 zuwa 8 inda hali ya yi, a canza ɗan batirin CR2032 da ke riƙe agogo, a hure ƙura. Wannan duka ba ya kusa da kuɗin sabuwar kwamfuta, kuma babu haɗarin kashe ko ɗaya.

To yaushe ne gyaran BIOS yake da ma'ana? Idan faifan NVMe ya riga ya zo hannu kyauta ko da araha, kamar yadda ya zo mana. Idan kartamer ɗin irin H61 ne, wanda SATA II kaɗai gare shi, kuma ana son a yi aiki mai nauyi da kwamfutar. Idan kuma akwai mai gyaran da ke da na'urar karanta ƙwaya kuma ya saba da ita. In ɗaya daga cikin waɗannan babu, musamman na ƙarshen, akwai hanyoyin da ba sa taɓa BIOS ko kaɗan. Ana iya sa wata ƙaramar manhaja mai suna Clover a kan ƴar kile ta USB. Kwamfuta ta tashi daga kile ɗin, shi kuma ya ɗauko mabuɗin NVMe ya buɗe faifan. Aibinsa kawai shi ne kile abu ne da hannun yaro ke saurin kaiwa gare shi, sai a nemi hanyar ɓoye shi cikin akwatin. Mai amfani da Linux kuma yana iya barin ɗan sashen tashi a kan tsohon faifan, sauran duka ya koma kan sabon. Da hanyar kile muka yi amfani da sauran faifai biyun da aka ba mu.

Akwai kuma gaskiyar da bai kamata a ɓoye wa iyaye ba. Sabon faifai ba ya mayar da kwamfutar 2012 ta zama ta bana. Microsoft ta daina tallafin Windows 10 na yau da kullum ranar 14 ga Oktoba 2025, kuma Windows 11 tana neman TPM 2.0 da ƙwaƙwalwar Intel zuriya ta takwas zuwa sama, abin da waɗannan ba su da shi. Kwamfutar da ba a jona ta da intanet ba, wadda aikinta koyon rubutu da lissafi ne, tana iya ci gaba da Windows 10, in dai ana kula da kile-kilen da ake soka mata. Wadda za ta shiga intanet kuwa, ko wadda ake ajiye makin ɗalibai da takardun makaranta a ciki, gara a sa mata Linux Mint ko Ubuntu, waɗanda kyauta ne, ana sabunta su, suna da Faransanci, kuma LibreOffice da ke zuwa da su yana buɗe takardun Word da Excel. Ana ma iya sa Kiwix a samu Wikipedia ba tare da intanet ba. Da wannan tsari, kwamfutar da aka yanke wa ƙauna tana iya yaye ƙarin aji uku ko huɗu na ɗalibai.

Ga uba ko uwa da za su kai kwamfutar gida ko ta makaranta wurin mai gyara, tambayoyi kaɗan sun isa su tsare kuɗinsu. A tambaye shi wane irin faifai ne a ciki yanzu. In mai juyawa ne, a fara da canza shi kafin a yi zancen sayen wata kwamfutar. In ya ce zai taɓa BIOS, a tambaye shi me ya sa na SATA ba zai wadatar ba. In ya ba da hujja mai kyau, a ce ya nuna na'urar da zai mayar da na asali da ita, kuma ya ba da kwafin na asalin a kile a tafi da shi gida. Mai gyaran da ya san aikinsa ba zai ji haushin waɗannan tambayoyi ba. Sannan kada a manta a kwashe hotuna da takardu kafin a fara komai, kuma faifan da aka ciro daga kwamfutar wani a goge shi tas kafin ya shiga hannun yara, domin sirrin mutane amana ne.

Ga ƴan'uwana malamai kuma, roƙona shi ne kada a yi irin wannan aiki a ɓoye cikin ofis. Ranar da muka buɗe kwamfutar nan, na kira ɗalibai shida, mata uku maza uku, suka tsaya suna kallo. Wata yarinya ƴar aji uku ce ta riƙe fitila, kuma ita ce ta fara hango ƙwayar mai ƙafa takwas kusa da batir. Tambayar da ta yi mini ita ce, "Mushe, ashe abin da ke cikin nan rubutu ne kawai, kuma mutum ne ya rubuta shi?" Na ce mata haka ne. Yaron da ya gane wannan ya daina kallon na'ura a matsayin abin tsafi da ake saye a jefar. Ya fara tambayar wane sashe ne ya gaza, kuma nawa ne kuɗinsa. A kowane aji akwai mai kwance rediyon gidansu ana yi masa faɗa. Irinsa ne ya kawo mini faifan nan cikin leda bayan shekaru.

Lokacin wannan aiki shi ne babban hutu, sa'ad da ba wanda ke jiran kwamfutocin, domin ba a fafe gora ranar tafiya. A ƙidaya su, a kunna kowacce, a rubuta shekararta da irin faifanta a takarda. A fara da ɗaya, a sa mata SSD na SATA, a kira kwamitin iyaye su gani da idonsu. Bayan sun gani, sai a zauna a yi lissafin abin da za a nema daga gare su kafin komawa makaranta.